Jan Biro a Kan Sunan Radiyya

Tun daga bakin ƙofar asibitin Radiyya ta ji a jikinta cewa ba lafiya ba. Ta gaishe da mai shara, ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Ta gaishe da mai ba da magani, ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Safiyar Litinin ce, ranar da ta dawo aiki bayan kwana goma sha huɗu tana jinyar kakarta, idanunta sun faɗa, farar rigar aikinta ta yi mata yawa kamar ta aro. Ta nufi teburin da ake ajiye littafin sa hannu, inda kowane ma'aikacin wannan ƙaramin asibitin gwamnati na Ƙofar Dumi yake rubuta sunansa da lokacin zuwansa, ta buɗe... sai biron ya suɓuce daga hannunta. An ja layi da jan biro a kan sunanta, alamar wanda ya ƙi zuwa aiki ba da izini ba. Ta juya shafin baya, haka. Ta sake juyawa, haka. Shafi goma sha huɗu, kowanne da jan layinsa, kuma tun kafin a faɗa mata ta san hannun da ya ja su.

Ba ta gama dawowa cikin hayyacinta ba aka ce shugaba na kira. Shugabar asibitin, Hajiya Bilkisu, ba bare ba ce, matar Baffa Muktar ce, ƙanin mahaifin Radiyya. Tana zaune tana danna waya, awarwaron gwal na ƙara a hannunta, ko ɗagowa ba ta yi ba ta turo wata takarda da yatsa ɗaya.

“Takardar tuhuma ce. Kwana goma sha huɗu kin yi watsi da aikin gwamnati. Daga yau an dakatar da ke. Ranar Alhamis ta sama kwamitin ladabtarwa zai zauna a sakatariya, kuma kin san hukuncin wanda ya gudu daga bakin aiki.”

Ta sani mana. Kora ce, irin wadda ke zama a fayil ɗin mutum har ya mutu, ba wata ma'aikatar da za ta sake kallon takardunsa.

“Hajiya... ai na cike fom. A nan na ba ki, hannu da hannu, ranar da Inna ta faɗi. Kika ce in tafi, Allah Ya ba ta lafiya. A wannan baƙar jakar kika sa shi.”

“Wane fom?” Sai a lokacin ta ɗago. “Nuna mini kwafinsa da sa hannuna da hatimi.”

Radiyya ta durƙusa a kan simintin ofis tana hawaye, tana haɗa ta da Allah da Annabi. Hajiya Bilkisu ta koma kan wayarta, ta ce in ta fita ta ja mata ƙofa.

Wanda bai san Radiyya ba zai ce sakarci ne ya hana ta riƙe kwafi. Ba sakarci ba ne, tsoro ne da aka dasa mata tun tana 'yar shekara tara. Mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa tana 'yar shekara bakwai, mahaifinta Malam Yero ya bi bayanta da shekara biyu, sai aka kai ta gidan Baffa Muktar a unguwar Ɗan Iya da sunan riƙon zumunci. Shekara shida ta yi a gidan, ita ce wanke-wanke, ita ce wankin kayan Humaira, 'yar lelen Hajiya, wadda sa'arta ce amma ko cokali ba ta ɗauka. Ba a cika dukanta ba, kallo kawai Hajiya ke yi mata, kuma har yau da take da shekara ashirin da bakwai in wannan kallon ya sauka a kanta sai ta sunkuyar da kai. Kakarta ta wajen uwa, Inna Fatu, ita ta zo wata rana da sandarta ta kama hannun yarinyar ta fita da ita. Saniya biyu suka rage wa tsohuwar a wajen dangi a ruga, ta sayar da su duka ta kai jikarta makarantar koyon aikin lafiya. Radiyya ta ci jarrabawar ɗaukar aiki da guminta, amma da ƙaddara ta tashi raba wuraren aiki sai ta jefa ta ƙarƙashin Hajiya Bilkisu, wadda ta shiga gaya wa dangi cewa ita ta samar wa marainiya aiki. Bayan wata uku sunan Humaira ma ya bayyana a cikin ma'aikatan asibitin. Sunan dai, don ita kanta sai a yi sati uku ba a ga ƙeyarta ba.

Asibiti ba ya rufewa don Sallah ko Kirsimeti, haihuwa ba ta duba kalanda. Ƙa'idar da aka karanta musu ita ce, duk wanda ya yi aiki a ranar hutun gwamnati, ko a biya shi alawus, ko a rama masa da kwana guda na hutu. Ma'aikatan kuma suna da tasu al'adar mai kyau: Musulmi su riƙe asibiti ranar Kirsimeti da Ista, Kiristoci su riƙe ranar Sallah. Radiyya kan karɓi Kirsimetin ƙawarta Treasure da farin ciki. Amma Sallah kwana biyu ake bayarwa, wani lokaci uku, Treasure ba ta iya ɗauka ita kaɗai, dole a haɗa ta da wani, kuma kullum layin kan faɗa kan Humaira. Sai Hajiya ta kira Radiyya ta ce, “'Yar'uwarki ba ta jin daɗi, ki tsaya mata.” Ta tsaya. Shekara uku cur ba ta yi Sallah a gida ba. Inna Fatu kan tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe tun da safe, ta rufe na jikarta a kwano, ta ƙi cin nata, har sai bayan Magariba Radiyya ta shigo a gajiye su ci shi da sanyinsa, man ya daskare a kan miya. In ta tambayi alawus, Hajiya ta ce gwamnati ba ta da kuɗi, ta tara kwanakinta, wata rana za su yi mata amfani. Ta tara har kwana goma sha takwas. Ranar da Inna ta zame a bakin rijiya ƙashin ƙugunta ya karye, Radiyya ta cike fom ta jera ranakun nan ɗaya bayan ɗaya, ta nemi goma sha huɗu daga ciki. Treasure ta bi ta har ƙofa tana cewa ta yi fotokwafi, ta sa a buga mata hatimi. Ina! Ta yaya za ta dubi idon matar baffanta ta ce a ba ta shaida, kamar tana zarginta da rashin amana?

Da ta fito daga ofis ranar Litinin ɗin, abu ɗaya ya rage mata: littafin rabon aiki, tsohon littafi mai koren bango da ya nuna wanda ya tsaya a kowace ranar hutu. Ta jawo aljihun tebur. Littafin da ta tarar sabo ne fil, bangonsa ko lanƙwasa babu, an cike shi da biro iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma a kowace Sallah, kowace Kirsimeti, kowace ranar ɗaya ga Oktoba, sunan Humaira ne zaune daram. Na Radiyya ko sau ɗaya bai fito ba. Ta waiga tana neman Treasure, sai mai shara ta raɗa mata cewa tun makon jiya aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa, ba ta ko yi sallama ba.

A bayan katangar asibiti ta kira ta. Treasure, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji ko da za a yanka ta, ta amsa da muryar mai tsoron a ji ta.

“Radiyya, ban gaya maka ba? Kunya ya kashe ka. Ka saurara. Gwamnati yana biyan alawus ɗin nan tun farko, Humaira ne yake karɓa, da sunansa ake cike takarda. Yanzu an ce masu bincike za su zo. Fom naka ya jera ranakun da aka biya Humaira, in ya shiga fayil Hajiya ya mutu. Shi ya sa ya ɓoye, shi ya sa ya kore ni, shi ya sa yake so a kore ka.”

“Za ki zo ki yi mini shaida?”

“Ina da yara uku, Radiyya... An ce in na buɗe baki ni ma fayil nawa zai ɓace. Ka yafe ni.”

Ta yafe mata a take, don ta san ɗanɗanon wannan tsoron. Daga nan ta hau keke napep zuwa Ɗan Iya, ta zube a gaban Baffa Muktar. Ya saurare ta yana jan carbi, da ta kai kan maganar alawus sai ya ɗaga hannu.

“Wato matata ɓarauniya ce, 'yata ɓarauniya ce. Gidan da ya ci da ke shekara shida. Tashi ki ba ni wuri, kada in faɗi abin da zai bi ki.”

Ta fito tana haɗa hanya, ba ta ko ganin gabanta sosai, har wani mai babur ya kusa kwashe ta.

Babban abin da ke firgita ta yana gida, kwance a kan katifa. Likitan da ya duba Inna Fatu ya ja Radiyya gefe ya ce jinin tsohuwar ya hau ƙwarai, a kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali. Saboda haka kowace safiya Radiyya kan sa farar rigarta, ta gyara wa Inna shimfiɗa, ta damƙa ta a hannun matar maƙwabci, ta ce, “Inna, na tafi aiki.” Sai ta tafi can bayan wata makarantar allo ta zauna a kan dakali har La'asar, tana ɓoye fuska duk sanda ta hango wanda ya san ta. Ko sallamar baƙo ta ji a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka takardar korar ce ta iso tun kafin ranarta. Abinci ya daina wuce mata. In ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, kalmomi su ɓace, sai dai ta ce, “Ya Allah, Kai ne shaidata... Kai kaɗai Ka gani,” hawaye su ƙarasa sauran.

Kwana takwas ta yi a haka. Ranar Talata da yamma ta dawo ta ga mota a ƙofar gida, ta gane ta. Humaira ce zaune a kan kujera a ɗakin Inna, ta toshe hanci da gefen mayafi, wai ta zo dubiya.

“Au, ke da aka dakatar, ina kuma kika je da rigar aiki?” Ta juya wajen tsohuwar. “Inna, ba ta faɗa miki ba? Jibi za a kore ta.”

Inna Fatu ta yunƙura za ta tashi, ta manta da ƙashin da ya karye. Ta saki wata ƙara, idanunta suka juye, ta koma ta faɗi.

“Inna! Innalillahi... Inna, kada ki tafi ki bar ni!”

Radiyya ta rungume ta tana shafa mata ruwa, tana laluben jijiyar wuyanta. Ita da ta karɓi haihuwa ba adadi, ta ga jini ta ga suma ba ta girgiza ba, yau ga ta ta kasa ko buɗe kwalbar magani. Da ƙyar tsohuwar ta ja numfashi. Humaira, wadda ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta ajiye wata takarda a kan tabarma.

“Umma ta ce in kina son mutuncinki ki sa hannu a nan, kin ajiye aiki da kanki. Ya fi a kore ki a bainar jama'a. Gobe da yamma zan aiko a karɓa.”

Washegari da hantsi Radiyya na zaune a tsakar gida, takardar a kan cinyarta, biro a hannu. Ta gaji. Ta gaji da faɗuwar gaba, ta gaji da jiran Alhamis. Ta ɗora bakin biron a kan layin ke nan ta ji muryar Inna daga ɗaki, siririya kamar zare.

“Radiyya... shanuna biyu ne a cikin rigar nan taki. Ban sayar da su don ki sa hannu a kan ƙarya ba. In za su kore ki su kore ki, amma da hannunsu.”

Tana cikin wannan kukan aka yi sallama. Rabi'atu ce, mai tuyar awara a layin baya, mace mai faɗin murya da faɗin zuciya, ta zo gaishe da Inna, riƙe da hannun 'yarta mai shekara biyu da rabi. Ta ga fuskar Radiyya, ta ajiye kwanon da ta zo da shi, ta ƙi tafiya sai da ta ji komai. Da aka zo kan sabon littafi sai ta dafe ƙirji.

“Wace Humaira? Ranar Kirsimetin da na haifi wannan, wa ya tsaya a kaina jini na zuba kamar an buɗe famfo? Wa ya cire ɗankwalinsa ya ɗaure mini robar ƙarin ruwa a jikin taga? Don me aka sa wa yarinyar nan Radiyya, don Humaira?” Ta zura hannu a jakarta ta zaro wata leda da ta sha ninki. “Ga littafina ma, jiya na kai ta awo.”

A irin wannan ƙaramin asibiti ba a ajiye katin marar lafiya. Rabin littafin makaranta ake saya a bakin ƙofa, a rubuta ciwo da magani da kwanan wata, ma'aikacin da ya duba ya sa hannu, mai shi ya tafi da abinsa gida. Radiyya ta buɗe shafin farko. Ashirin da biyar ga Disamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mace, kilo uku... da rubutunta, da sa hannunta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta girgiza kai.

“Rana ɗaya ce, Yaya Rabi. Ranakun goma sha takwas ne, zaman kuma gobe ne.”

“Ni kaɗai ce na yi ciwo ranar hutu a Ƙofar Dumi?” Rabi'atu ta saɓa 'yarta a baya. “Yaga takardar nan. Ki bar ni da matan unguwa.”

Ba ta yaga ba, amma ba ta sa hannu ba. Da ɗan aiken Humaira ya zo ta miƙa masa ita yadda aka kawo ta.

Ranar Alhamis, a wani ɗaki na sakatariya mai dogon tebur, mutum uku suka zauna, a tsakiyarsu shugaban kwamiti, Malam Nasiruddeen, dattijo mai farin gemu da gilashi a kan hanci. Hajiya Bilkisu ta zo cikin leshi mai tsada, Humaira a gefenta tana taunar cingam. Hajiya ta yi bayani tiryan-tiryan, har da share ƙwalla, ta ce yarinyar nan ita ta raine ta, amma aikin gwamnati amana ne, ba ta iya rufa mata asiri. Ta miƙa littafin sa hannu da jan layukansa, ta miƙa sabon littafin rabon aiki. Aka juyo kan Radiyya.

“Kina da kwafin fom ɗin da kika ce kin cike?”

“Babu, ranka ya daɗe.”

“Kina da mai shaida?”

Ta waiga ƙofa. Ba kowa. Ta ɗago ido sai ya faɗa cikin na Hajiya, wannan kallon na tun tana 'yar shekara tara, ta sunkuyar da kai. Malam Nasiruddeen ya yi ajiyar zuciya ya jawo takardar hukunci ya cire murfin bironsa.

A daidai nan hayaniya ta taso daga baranda. Masinja ya leƙo a rikice ya ce wasu mata ne sun cika wurin, sun ce ba inda za su sai sun ga shugaba. Bai rufe baki ba Rabi'atu ta kutso, bayanta mata sun fi talatin, masu goyo da masu ciki da tsofaffi, har da wani dattijo mahauci da ya nuna tabon ɗinki a tafin hannunsa tun kafin a tambaye shi. Kowa riƙe da leda. A can ƙarshensu, da ƙurar hanya har gira, Treasure ce tsaye.

“Ranka ya daɗe, ba rigima muka zo ba,” in ji Rabi'atu. “An ce ana neman wanda ya tsaya a asibiti ranakun hutu. Mu ne muka je ranakun. Ga littattafanmu.”

Suka shiga zube su a kan tebur, wasu sun sha manja, wasu ɓera ya ci gefensu, wani har da ƙonewar garwashi. Hajiya Bilkisu ta miƙe ta ce wannan ba ya cikin ƙa'ida, a fitar da su. Malam Nasiruddeen ya dube ta ta saman gilashi ya ce ta zauna. Ya ɗauki littafin Rabi'atu ya karanta a hankali, ya duba sabon littafin rabon aiki, sannan ya juya wajen Humaira.

“Malama, an rubuta ke ce a bakin aiki ranar Kirsimetin shekaru biyu da suka wuce. Me kika tuna game da ranar?”

Humaira ta dubi uwarta. “Ba komai, ranka ya daɗe... ranar shiru ce, ba wanda ya zo.”

“Ranar na kusa mutuwa!” Rabi'atu ta ɗaga 'yarta sama. “Ga shirun nan, tana da haƙora ashirin.”

Dattijon ya sa aka jera littattafan bisa kwanan wata. Ƙaramar Sallah, ga yaron da ya ƙone da ruwan zafi. Babbar Sallah, ga mahaucin da wuƙa ta zame masa. Litinin ɗin Ista, ɗaya ga Mayu, Mauludi, sabuwar shekara... ranaku goma sha bakwai suka fito, kowacce da sa hannun Radiyya, na Humaira ko ɗigo babu. Ta goma sha takwas ce ba a samu ba, sai Treasure ta matso.

“Ranar ruwa aka yi, babu marar lafiya, oga. Amma ni na kai masa shinkafa a asibiti, mun ci tare. Kuma a gabana ya ba Hajiya fom. In za a kore ni a kore ni.”

Malam Nasiruddeen ya aika a ɗauko takardun alawus daga ofishin kuɗi. Aka shimfiɗa su kusa da littattafan matan, ranakun suka hau juna kamar murfi da tukunya, sai dai sunan da ya karɓa ba shi ne sunan da ya yi aikin ba. Cingam ya tsaya a bakin Humaira, ta fashe da kuka tana cewa wallahi Umma ce ke cikewa, ita sa hannu kawai take yi. A karon farko a rayuwarta Radiyya ta ga tsoro a fuskar Hajiya Bilkisu, kuma ga mamakinta ba ta ji daɗi ba, tausayi ma ya so kama ta. Dattijon ya yaga takardar da ya fara rubutawa.

“'Yata, tashi daga durƙuson nan. Gwamnati ce ke da bashin kwana huɗu a wurinki.” Ya gyara zama. “A'a, na faɗa a juye. Ke ce kike bin ta. Kuma daga yau, ko ni ne na karɓi takardarki, ki ce in buga miki hatimi.”

Radiyya ta kifa goshinta a ƙasa a wurin, ta yi sujada tana kuka, matan suna taya ta.

Kafin wata ya ƙare aka sallami Humaira, aka sauke Hajiya Bilkisu daga shugabanci aka tura fayil ɗinta gaba, tare da umarnin ta mayar da duk abin da suka karɓa. Awarwaron gwal ɗin nan sai da suka je kasuwa. Wadda ta saba a miƙe in ta shigo, ta koma shiga gidan biki ta ƙofar baya. Aka dawo da Treasure wurinta, aka goge jan layukan nan goma sha huɗu, sabuwar shugaba ta rubuta a gefen kowanne cewa hutun ramuwa ne, ta sa hannu. Baffa Muktar ya zo Ƙofar Dumi wata Juma'a, ya tsaya a zaure ya kasa shiga, ya ce a ce wa 'yar Yero ta yafe masa. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta ce ta yafe.

Ranar Ƙaramar Sallah Radiyya ta idar da sallar Asuba ta zabura ta nufi ƙusar da take rataye farar rigarta, gabanta na faɗuwa, ta ɗauka ta makara. Inna Fatu, wadda ta fara takawa da sanda, ta riƙo gefen zaninta.

“Ina za ki? Zauna.”

Ta zauna. Ta ji kabbarar masu tafiya Idi tana wucewa ta bayan katanga, abin da rabonta da ji daga tsakar gidansu shekara uku. Da hantsi tsohuwar ta ƙi yarda a taya ta, ta kwashe tuwon da hannunta, ta zuba miyar taushe, ta turo kwanon gaban jikarta ba tare da ta rufe shi ba. Tururi na tashi. Radiyya ta sa hannu ta yanko loma, ta janye da sauri tana yarfe yatsu.

“Inna, da zafi...”

Tsohuwar ta yi dariya har hawaye ya gangaro cikin tamojin fuskarta. “Haka yake, 'yar nan. Dama haka tuwon Sallah yake.”

Allah Ya tsaya wa duk wanda ba shi da mai tsaya masa, Ya kuma sa mu ci namu da zafinsa.